Yadda Ake Warware Aikin Gida na Aljabra da Ƙididdiga Ba Tare da Zubar da Maki Ba

Ɗauki littafin aikin gida na ɗan aji biyar ko aji shida na sakandare, ko a Tudun Wada yake karatu ko a Samaru ko cikin birnin Zariya, ka duba inda jan biro ya fi yawa. Da wuya ka tarar fomula ce bai sani ba. Yawanci alamar ɗebewa ce ta ɓace tsakanin layi na biyu da na uku, ko kuma ya yi matakai uku a ka, ya sauke amsa kaɗai a takarda. Wannan ɗabi'a tana da tsada, domin a takarda ta biyu ta lissafin WAEC, wadda ake ba ta awa biyu da rabi, ana amsa tambayoyi goma cikin goma sha uku, kuma mai duba takarda yana raba maki ne gida biyu: makin hanya da makin amsa. Makin amsa a rataye yake da na hanya. Wanda ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe zai tsira da mafi yawan makinsa. Wanda ya rubuta amsa tsurarta yana iya tashi hannu rabbana. Kuma ga mai son shiga Jami'ar Ahmadu Bello, kwasa-kwasan kimiyya, injiniya, likitanci da akanta duk suna neman kiredit a lissafi, wato C6 ko sama. Saboda haka aikin gida shi ne wurin da hannu zai saba da abu biyu: layi ɗaya mataki ɗaya, sannan mayar da amsa cikin tambaya a ga ko ta zauna.

Kafin ka fara, ka tanadi littafi mai yalwar fili, fensir da abin gogewa, rula, takardar giraf, da kalkuleta irin wadda za ka shiga jarrabawa da ita. Kada ka saba da ta waya, ba za a bar ka da ita a zauren jarrabawa ba. Kwafe tambayar dukanta tukuna, ka sake duba ta da allon ko da littafin da ka kwafo. Lissafi da yawa tun a wajen kwafa yake karyewa.

Ikweshan mai harafi ɗaya

Kalmar aljabra daga Larabci ta fito, daga sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Asalin "jabr" shi ne ɗori, kamar yadda ake ɗora ƙashin da ya karye. Duk ɗan Islamiyyar da ya karanta shafa a kan jabira a babin alwala ya riga ya san tushen kalmar. Ma'anarta a lissafi ita ce cike giɓin da ke ɓangare ɗaya ta hanyar ƙara abu iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Ka ɗauki alamar = kamar sikelin mai sayar da nama: abin da ka ɗora a wannan faranti sai ka ɗora a wancan.

Ga misali: 5(x − 3) − 2(x − 4) = 14.

Buɗe baka shi ne matakin farko. Lambar da ke waje tana ninka kowane abu da ke ciki, kuma tana tafiya da alamar da ke gabanta. Bakan farko ya ba da 5x − 15. Na biyu kuwa ba 2 ke ninka shi ba, −2 ne. Don haka −2 sau x ya zama −2x, kuma −2 sau −4 ya zama +8.

5x − 15 − 2x + 8 = 14
3x − 7 = 14
3x = 21
x = 7

Yanzu mayar da 7 cikin tambayar asali, ba cikin layin da ka rubuta da kanka ba: 5 sau 4 ashirin, 2 sau 3 shida, 20 − 6 = 14. Ta zauna. Wanda ya rubuta −8 a maimakon +8 zai samu 3x − 23 = 14, amsarsa ta fito 37/3. Irin wannan amsa mai kaushi a tambaya mai sauƙi ƙararrawa ce, a koma a duba alamomi.

Akwai karin maganar da ɗalibai ke haddacewa, wai "idan ya tsallaka sai ya canza alama". Gaskiya ne ga tarawa da ɗebewa, amma yana yaudarar yara a layi irin 3x = 21, inda wasu ke rubuta x = 21/−3. Ukun nan ba tsallakawa ya yi ba, ninka x yake yi, kuma raba ɓangarorin biyu da 3 ake yi. Gara ka rubuta a gefe abin da kake yi, "a raba da 3", har sai hannu ya saba.

Idan akwai lambobi a ƙasa, ka kawar da su tun farko. Misali: (x + 1)/3 − (x − 2)/4 = 2. Nemi ƙaramar lambar da 3 da 4 duk suke shiga ba saura, wato 12, ka ninka kowane yanki da ita. Kowane yanki, har da 2 ɗin da ke zaune shi kaɗai a dama. Kuma ka bar lambobin sama a cikin baka.

4(x + 1) − 3(x − 2) = 24
4x + 4 − 3x + 6 = 24
x + 10 = 24
x = 14

Gwaji: 15/3 − 12/4 = 5 − 3 = 2. Wanda ya manta da ninka 2 ɗin nan zai samu −8, kuma da ya mayar da ita da ya ga ba ta shiga ba.

Tambayar da ta zo cikin labari

A nan aka fi wahala, kuma ba lissafin ne ke da wuya ba, juya magana ta koma haruffa ne. A ce wata mata ta je Kasuwar Sabon Gari ta sayi mudu 3 na masara da mudu 2 na gero a kan naira 4,400. Maƙwabciyarta ta sayi mudu 2 na masara da mudu 5 na gero a wurin mutum ɗaya a kan naira 6,600. Nawa ne kuɗin kowane mudu?

Fara da rubuta abin da harafi yake wakilta, cikin cikakkiyar jimla: x shi ne kuɗin mudu ɗaya na masara, y kuɗin mudu ɗaya na gero. Kada ka rubuta "x masara ce". Masara ba lamba ba ce, kuma daga wannan gajarce zance ne ɗalibi ke rikita yawan mudu da kuɗinsa. Sannan kowace jimla ta labarin ta zama layi guda:

3x + 2y = 4400 ... (1)
2x + 5y = 6600 ... (2)

Manufa ita ce a sa lambar da ke gaban harafi ɗaya ta zama iri ɗaya a layukan biyu, don a kashe shi. Ninka (1) da 2, ninka (2) da 3:

6x + 4y = 8800
6x + 15y = 19800

Tunda 6x ɗin duka alamarsu ɗaya, ɗebewa za a yi. Da ɗaya +6x ne ɗaya −6x, da tarawa za a yi. Cire na sama daga na ƙasa: 11y = 11000, y = 1000. Sa shi cikin (1): 3x + 2000 = 4400, 3x = 2400, x = 800.

Ga dabarar da ake yawan tsallakewa: tunda da layi na (1) ka nemo x, to da layi na (2) za ka gwada. Idan ka gwada da wanda ka yi amfani da shi, ko da y ɗinka kuskure ne zai nuna maka daidai. 2 sau 800 da 5 sau 1000, 1600 + 5000 = 6600. Sai ka rufe da harshen tambayar: mudun masara naira 800, mudun gero naira 1,000.

Ikweshan mai sikwaya

Dokar farko: komai ya koma hagu, sifili kaɗai a dama. A ce wani fili tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girmansa murabba'in mita 84. Faɗi x, tsawo x + 5, saboda haka x(x + 5) = 84. Kada ka ce x = 84 ko x + 5 = 84. Wannan hujja da sifili kaɗai take aiki, domin idan abu biyu suka ninka juna suka ba da sifili, dole ɗayansu sifili ne. Ba wata lamba mai wannan hali.

x² + 5x − 84 = 0

Nemi lambobi biyu da idan an ninka su za su ba da −84, idan an tara su su ba da +5. Jera su a gefe: 1 da 84, 2 da 42, 3 da 28, 4 da 21, 6 da 14, 7 da 12. Tazarar 7 da 12 biyar ce, don haka +12 da −7. (x + 12)(x − 7) = 0, wato x = −12 ko x = 7. Faɗin fili ba ya zama ƙasa da sifili, sai ka rubuta dalilin watsar da −12. Faɗi mita 7, tsawo mita 12.

Idan akwai lamba a gaban x², kamar 2x² − 7x − 15 = 0, ninka ta farko da ta ƙarshe: 2 sau −15 ya ba da −30. Lambobin da ninkinsu −30 kuma jimlarsu −7 su ne −10 da +3. Fasa na tsakiya da su: 2x² − 10x + 3x − 15, ka haɗa su bibbiyu, 2x(x − 5) + 3(x − 5). Idan bakan biyu ba su fito iri ɗaya ba, akwai alamar da ta kauce. (2x + 3)(x − 5) = 0, x = 5 ko x = −3/2.

In tambaya ta ce a ba da amsa zuwa lamba biyu bayan ɗigo, kada ka ɓata lokaci neman irin waɗannan lambobi, fomula ake nufi: x = [−b ± √(b² − 4ac)] / 2a. A nan a ita ce lambar gaban x², b ta gaban x, c kuma wadda ke tsaye ita kaɗai. Ga 3x² − 5x − 1 = 0, rubuta a = 3, b = −5, c = −1 a layinsu kafin komai. −b ya zama +5. b² ya zama 25, kuma nan kalkuleta ke cin amanar wanda bai san halinta ba: idan ka danna −5² za ta ba ka −25, sai ka sa baka, (−5)², sannan ta ba da 25. −4ac kuwa −4 sau 3 sau −1 ne, wato +12. Jimla 37, sikwaya rut ɗinsa 6.083. Layin rabawa yana ƙarƙashin saman gaba ɗaya, ba ƙarƙashin rut kaɗai ba. (5 + 6.083)/6 = 1.85, (5 − 6.083)/6 = −0.18. Gwaji mai sauri: jimlar amsoshin biyu dole ta yi daidai da −b/a. 1.85 − 0.18 = 1.67, kuma 5/3 ma 1.67 ne.

Sai tarko guda: x² = 6x. Raba ɓangarorin da x yana jefar da amsa ɗaya. Daidai shi ne x(x − 6) = 0, x = 0 ko 6.

Ƙididdiga

Abubuwa uku ake fara tambaya: matsakaici, wanda malami ke kira min, lambar tsakiya, wato midiyan, da wadda ta fi maimaituwa, wato mod. A ce makin ɗalibai goma ke nan: 4, 7, 5, 9, 7, 3, 7, 6, 8, 4. Jera su daga ƙarami zuwa babba kafin ka taɓa komai, kana soke kowace lamba da fensir yayin da ka ɗauke ta: 3, 4, 4, 5, 6, 7, 7, 7, 8, 9. Ƙirga, goma ne. Jimla 60, matsakaici 6. Tunda adadin cika ne, biyu ne a tsakiya, ta biyar da ta shida, (6 + 7)/2 = 6.5. Mod 7 ne, ba 3 ba. Ukun nan yawan fitowarsa ne kawai. Wanda bai jera ba zai ɗauki 7 da 3 a matsayin na tsakiya ya samu 5.

Wani lokaci a tambaye ka wanne ya fi dacewa. Ɗauki cinikin rana na masu Keke Napep biyar a hanyar Kwangila zuwa Samaru: naira 6,000, 7,000, 7,500, 8,000, sai na biyar da aka ɗauke shi shata ya samu 40,000. Matsakaici 13,700 ne, alhali huɗu daga cikinsu ko kusa da haka ba su kai ba. Midiyan, 7,500, ya fi faɗin gaskiyar lamarin. Duk inda lamba ɗaya ta yi wa sauran fintinkau, tana jan matsakaici zuwa wajenta, midiyan kuwa bai damu da ita ba.

Babban aikin yana ga jadawali mai rukuni-rukuni. Ga makin ɗalibai 40:

1–10: ɗalibai 3
11–20: ɗalibai 7
21–30: ɗalibai 12
31–40: ɗalibai 10
41–50: ɗalibai 8

Ba mu san ainihin makin kowa ba, shi ya sa ake ɗaukar tsakiyar kowane rukuni ta wakilce shi. Tara farko da ƙarshe ka raba biyu: 5.5, 15.5, 25.5, 35.5, 45.5. Ja layuka da rula ka yi gidaje: rukuni, yawan ɗalibai f, tsakiya x, sai fx. Ninkin ya ba da 16.5, 108.5, 306, 355, 364, jimla 1150. Raba da jimlar f, wato 40: matsakaici 28.75. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rabawa da 5 saboda layuka biyar ne, a samu 230. Jarrabawar da makinta bai wuce 50 ba, yaya matsakaicinta zai kai 230? Dole matsakaici ya faɗa tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, kuma wannan dubawar ba ta cin daƙiƙa biyar.

Akwai gajeriyar hanya da ta fi tsafta. Zaɓi tsakiyar wani rukuni a matsayin matsakaicin wucin gadi, a ce 25.5. Cire shi daga kowace x ka samu d: −20, −10, 0, 10, 20. Ninka da f: −60, −70, 0, 100, 160, jimla 130. 130/40 = 3.25. Ƙara a kan 25.5, ka dawo 28.75. Yin hanyoyin biyu a gida shi ne gwajin juna.

Don midiyan, ƙara gidan tarin jimla, kana tara f daga sama: 3, 10, 22, 32, 40. Dole na ƙarshe ya yi daidai da yawan ɗaliban. Rabin 40 shi ne 20, kuma ɗalibi na 20 yana cikin rukunin 21–30, domin kafinsa 10 kaɗai aka tara, a ƙarshensa kuma 22. A nan sai a kula da iyaka. Tsakanin 20 da 21 akwai giɓi, ana raba shi biyu, don haka iyakar ƙasa ta rukunin 20.5 ce, ta sama 30.5, faɗinsa 10. Wanda ya yi 30 − 21 ya samu 9 ya yi kuskure. Ƙirga da yatsu daga 21 zuwa 30, goma za ka samu. Muna buƙatar ɗalibai 10 daga cikin 12 na rukunin kafin mu kai na 20: 20.5 + (10/12) × 10 = 28.83.

Mod yana rukunin da f ɗinsa ya fi girma, nan ma 21–30. Ya fi f ɗin rukunin da ya gabace shi da 5, ya fi na wanda ke binsa da 2. 20.5 + [5/(5 + 2)] × 10 = 27.64.

Sai ma'aunin bazuwa, wanda ke nuna yadda maki suka watsu daga matsakaici. Ƙara gidan fd², wato fd sau d, ba sikwayar fd ba: 1200, 700, 0, 1000, 3200. Babu mai alamar ɗebewa a wannan gida, in ka ga ɗaya to an yi kuskure. Jimla 6100, a raba da 40, 152.5. Cire sikwayar 3.25, wato 10.5625, saura 141.9375. Wannan shi ne bariyans. Sikwaya rut ɗinsa, 11.91, shi ne ma'aunin bazuwar. Yara da yawa suna tsayawa a 141.94 su manta da rut. Kuma kada ka taƙaita lambobi a tsakiyar aiki, kamar mayar da 3.25 ta zama 3.3. Riƙe su cikakku, sai a layin ƙarshe ka taƙaita yadda tambaya ta nema.

Idan an ce ka zana lanƙwasar tarin jimla a takardar giraf, maki a kwance, tarin jimla a tsaye, kuma ka bi sikelin da aka ba ka, misali santimita 2 ga maki 10. Ana ɗora kowane tarin jimla a kan iyakar sama ta rukuninsa, ba a kan tsakiya ba: 3 a kan 10.5, 10 a kan 20.5, 22 a kan 30.5, 32 a kan 40.5, 40 a kan 50.5, a fara daga sifili a kan 0.5. Fere fensir sosai, ka yi ƙananan alamomi, ka haɗa su da hannu cikin lanƙwasa mai santsi, ba da rula ba. Juya takardar yadda hannunka zai kasance ta cikin lanƙwasar, ya fi sauƙin ja a tashi ɗaya. Rubuta sunan kowane layi. Don karanta midiyan, tashi daga 20 a layin tsaye, ja ɗigo-ɗigo a kwance har ka taɓa lanƙwasar, ka sauko ƙasa. Ka bar waɗannan layukan a kan takardar, su ne shaidar hanyarka. Ya kamata ka sauka kusa da 28.8 da ka samu ta lissafi. Kwata na farko, wato makin da ke daidai kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban, daga 10 ake karanta shi, zai ba da 20.5, kwata na uku, wato kashi uku cikin huɗu, daga 30, wajen 38.5. Idan abin da ka karanta ya kauce wa waɗannan da fiye da maki ɗaya, ƙirga ƙananan gidajen giraf ɗin: a sikelin santimita 2 ga maki 10, kowane ƙaramin gida na milimita 2 maki ɗaya ne, kuma 20.5 tana tsakiyar gidan da ke bin 20.